Amsa ga Alhajin da ya tambayi kemis ɗin wa nake tura mutane

Assalamu alaikum, Alhaji.

Na ji tambayar da ka jefo mini a gidan rediyo: wai ina kuɗin asibitin mazaɓarmu suke shiga, tunda har safar hannu sai mijin mai naƙuda ya sayo, kuma kemis ɗin wa nake tura mutane, sannan me ya sa ake rufe ƙofar asibitin da dare? Ta biyun ce ta yi mini ciwo. Ba ka ce mini ɓarauniya ba, ka dai bar wa masu sauraro su ƙarasa maka. Na gode da wannan kara.

Ba ni da kemis, ba na karɓar kamasho a na kowa. Duk ranar da na rubuta takarda na ce a je a sayo, to babu ne a kabad. A buga mini ƙofar gida ƙarfe biyun dare, a ce ga mai ciki tana jijjiga, ido ya juye, haƙora sun datse, allurar jijjigar kuma ta ƙare tun makon jiya. In ce a jira sai an turo? Sai in tura ƙanin mijin a babur ya tayar da mai kemis, ni kuma in riƙe fitilar waya da baki ina neman jijiya. Tambayi matan da na karɓi haihuwarsu a ƙasar Daura, ciki har da na gidan yayanka.

Batun kuɗi ba ɓoyayye ba ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ce ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko. Abin da ke iso mu duk bayan wata uku banki yake shiga, kuma ko sisi ba ya fita sai shugaban kwamitin mazaɓa ya sa hannu. Majalisarku ɗaya da shi bayan la'asar, ban san abin da ya kai ka rediyo ba. A cikin kuɗin nan ake sayen magani, a gyara solar firjin rigakafi, a biya 'yan ga-ruwa, a ɗan sallami mai gadi. Damina na sauka, zazzaɓin cizon sauro da tamowa su cika baranda da yara, kuɗin ya kai ina?

Rufe ƙofa da dare kuwa, ungozoma ɗaya ce, ita ma mutum ce.

Mazaɓu 361 ne a jihar Katsina, kuma kowane ɗan takara gini da fenti yake yi wa alkawari, domin gini ake ɗauka a hoto. Wa ka ji ya yi alkawarin ungozoma ta biyu, ko ɗakin da za ta kwana? Tun 2001 shugabannin Afirka suka amince a Abuja a riƙa ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Har yau kasafin tarayya bai kai can ba. Su ba ka tambaye su ba, sai ni da ba ni da fasta a bango. Taka ta neman kansila dai na gan ta, har a jikin katangarmu an manna.

Littafin shige da ficen kuɗi na kan teburina. Ranar Talata ake awon ciki, ka zo da wuri, don benci biyu ne kawai.

Wassalam,
Ma'aikaciyar lafiya a wata mazaɓa, ƙasar Daura