A Fara Shata Iyakar Ruwa Kafin a Sake Buga Tubali a Kuseri da Njamena

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka don mu yi magana da magadan gari na biranen da ke bakin kogunan Logon da Shari, kan sake gini bayan ambaliya.

A watan Oktoba na 2022 gwamnatin Cadi ta kafa dokar ta-ɓaci saboda ambaliya. Ta 2024 ta fi muni, ta taɓa dukkan larduna 23, ta shafi mutum kusan miliyan 2, sama da 500 suka rasu. A ɓangaren Kamaru kuma gadar garin Yagwa ta karye a watan Satumba na 2024. Duk da haka, da ruwa ya janye sai kowa ya koma kan tsohon harsashinsa ya fara kwaɓa ƙasa, hukuma kuwa tana can tana rabon tabarmi da shinkafa. Rabon ba laifi ba ne, amma babban aikin magajin gari shi ne ya faɗa wa mutane inda za su gina da tsayin da za su ba daɓensu, kuma ya faɗa tun a Disamba ko Janairu. In an kai Mayu an makara.

Matakin farko ba ya cin kuɗi. Ruwa yana barin shaida a jikin bango. Kafin a yi yaɓe ta ɓace, a tura masu safiyo tare da bulamomi su bi unguwa-unguwa, su shafa jan fenti a kan wannan shaidar a jikin masallatai, makarantu da turakun lantarki, su auna su rubuta. Daga nan a raba gari uku: inda ruwa bai kai ba, inda ya kai gwiwa ya kwanta, da inda ya yi gudu ko ya wuce ƙugu. Kashi na biyu a bar mutane su gina, da sharaɗin daɓe ya ɗara jan fentin da santimita 50. Ginin ƙasa daga ƙasa yake mutuwa: gindin bango ya sha ruwa ya narke, sama ya biyo shi. Don haka tallafin da ya fi amfani shi ne siminti da gasasshen bulo na harsashi har ya wuce shaidar ruwa, sama da nan mai gida ya ɗora tubalinsa. Wanda aka ba kwanon rufi kawai, baɗi zai tsinto shi a cikin taɓo.

Kashi na uku ne mai wuya, kuma biranen bakin teku sun riga mu ɗanɗana shi. Bayan igiyar tsunami ta 2004, Sri Lanka ta hana gini cikin mita 100 zuwa 200 daga gaɓa. Masunta suka ƙi nisa da jiragensu, dole aka sassauta dokar. A New Orleans ta Amurka, bayan guguwar Katrina ta 2005, an fitar da taswira mai koren ɗigo a kan unguwannin da ake son mayarwa fili, ba a shawarci mazauna ba, suka tashi tsaye har aka jingine ta. Masuncin Logon da mai dakon kaya a gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kuseri da Njamena, ba za su zauna a fili mai nisan kilomita 20 ba, ko da kyauta ne. In za a tashi mutane, a tanadi fili kusa da abin sana'arsu, da rijiyar burtsatse da hanya, a ba su takardar fili a hannu kafin su kwashe jinka. Wurin da suka bari kuma a mai da shi lambu ko filin ƙwallo nan take. In aka bar shi fayau, cikin shekara guda wani zai sayar da shi.

Sai jinga. Mutanen unguwannin Waliya da Tukra a Njamena sun san ruwa iri biyu ne. Na sama yana zuwa Yuli zuwa Satumba, na kogi kuma yana kaiwa ƙololuwa a ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, domin daga tsaunukan Adamawa da Afirka ta Tsakiya yake tahowa. Jinga tana tare na kogi, amma tana kulle na sama a cikin unguwa kamar a ƙwarya. Kowace kwalbati da ta ratsa jinga tana bukatar ƙyaure mai buɗewa waje ɗaya, da injin jan ruwa wanda kuɗin mansa ke rubuce a kasafin gari. Ita kanta jingar, a riƙa zuba ƙasa santimita 20 zuwa 25, a yayyafa ruwa, a danne da inji, sannan a ƙara wani sawu. Gefenta ya kwanta, mita 2 zuwa 3 a kwance ga kowace mita ɗaya ta tsayi, a dasa ciyawa. Kada a haƙi ƙasar a gindinta, ramin ne zai zama hanyar yoyo. Baƙar lakar nan tamu tana tsagewa da rani, saboda haka a bi jinga da ƙafa a watan Yuni a toshe tsaga da ramukan ɓera. An kashe dala miliyan 108 na Bankin Duniya wajen gyaran madatsar Maga da jingar Logon a Kamaru bayan ambaliyar 2012, amma irin wannan zagayen na shekara-shekara ba bankin da zai zo ya yi mana.

Rijiyar da ruwa ya shiga a kwashe ta, a zuba sinadarin kulorin, a ɗaga bakinta. Sabon masai ya yi nisan mita 30 daga rijiya, in ba haka ba kwalara ce za ta biyo baya.

A ƙarshe muna kira ga hukumomin Kuseri da na Njamena su riƙa zama tare kafin kowa ya ƙara wa jingarsa tsayi, domin ruwan da aka tare a wannan gaɓa ɗaya gaɓar yake hawa. Kuma a riƙa sanar da ma'aunin kogi kullum a gidajen rediyo, da Hausa da Larabci da Fulatanci, daga farkon Satumba har ruwa ya fara sauka.

Wassalam.

Daga wasu masu safiyo da magina,
Kuseri, Arewa Mai Nisa, Kamaru.