A tuna da 'yan sa-kai cikin tallafin yaƙi da Boko Haram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku na makon jiya kan tallafin da ƙasashen waje ke bai wa Kamaru a yaƙi da Boko Haram, kuma ina da ƙorafi guda.

Taimakon ya yi rana, ba na musu. A 2015 Amurka ta turo sojoji kusan 300 Garwa da jirage marasa matuƙi, kuma rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Cadi, mai hedikwata a Njamena, ta kafa sashenta na farko nan Mora. Amma jirgin da ke sama bai san baƙon fuska a kasuwa ba. 'Yan kwamitin sa-kai ne suka sani, su ne kuma tallafin ya fi mantawa da su.

Ina da ƙane a cikinsu, a wani ƙauye kusa da Kolofata. Da magariba zai ɗauki tocila da baka da kwari, ya kwana bakin hanya cikin sanyin hunturu, da asuba ya wuce gona. Katin da yake kiran sojoji da shi in ya ga motsi, daga aljihunsa yake saye. Abokan aikinsa nawa aka binne, matansu suna nan ba mai leƙa su.

Ina roƙon gwamnati a Yawunde, in ta zauna da masu ba da tallafi, ta sa a ware kaso don waɗannan mutane: alawus na wata-wata, rediyon oba-oba, magani in sun ji rauni, da kuɗin makarantar marayunsu. A yi rajistarsu a gaban lawanai da hakimai, a riƙa biyan kowa hannu da hannu, don kada kuɗin ya narke a hanya.

Wassalam.
Mai karatunku daga Mora