Labarin kifin da ka bar mini amana

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya Kumasi, yaya kasuwa, yaya Madam da yara? Saƙonka ya iso tun farkon shigowar sanyin nan, har da tambayar da ka yi a kan filin nan na bayan makaranta. Ita kam sai a wani saƙon. Amma bari in fara da abin da ya hana gidanmu sukuni, tunda kayanka ne: Mai Dara, kifin zinariyar nan naka, ya yi rashin lafiya. Kada hankalinka ya tashi, yana nan da ransa, yanzu ma da nake rubutun nan ga shi can yana tonon tsakuwa.

Abin ya faru ne bayan bikin ƙanwar Uwargida. Ka san yadda gida yake cika, kuma duk yaron da ya shigo falo sai ya tsaya gaban akwatin gilashin nan, kowa ya ɗebi abinci ya watsa don ya ga kifaye suna wawaso. Ga hunturun Zariya da ka sani, dare ya yi ruwan ya yi ƙarara. Da aka watse sai muka wayi gari Mai Dara yana saman ruwa, ciki sama, jar hularsa ƙasa. Ya yunƙura ya nutsa, ya kaɗa jela iya ƙarfinsa, da ya saki jiki sai ya sake tasowa ya birkice. Auta ta fashe da kuka wai ya mutu. Ni kuwa da na matsa kusa na ga kumatunsa suna motsi daidai, idonsa garau, har ma yana neman abinci a hakan.

Na je wajen masu sayar da kayan kifi, wani yaro a shagon ya ce in fasa kafso biyu in zuba, in ƙara da gishirin miya. Ko tambayar irin kifin bai yi ba. Ban yarda ba, na kira ɗan Gwaggo, likitan dabbobinmu. Har yanzu yana cigiyar littafinsa da ka ara, wallahi ka ji kunya ka aiko masa. Ya zo da yamma, ya ja kujera ya zauna gaban akwatin ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Maganar da ya fara yi ita ce ta tsaya mini a rai: birkicewar nan ba ita ce cutar ba, alama ce kawai, kuma abubuwa da yawa kan jawo ta. Wanda ya zuba magani kafin ya san dalili, sau da yawa kifin yake ƙarasawa, ya kuma kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune cikin matatar ruwa suna cinye dattin kifaye.

Ga yadda ya bayyana mini. A cikin kifi, ƙarƙashin ƙashin baya, akwai wata jakar iska. Aikinta kamar na gorar da masunta ke hawa a Argungu: da ita yake tsayawa a tsakiyar ruwa ba tare da ya wahalar da kansa ba. Idan iska ta yi yawa ya taso, idan ta yi kaɗan ko ruwa ya shiga jakar ya nutse. Ta kifin zinariya ɗaki biyu gare ta, na gaba da na baya, kuma akwai siririn bututu da ya haɗa ta da maƙoshi, shi ya sa yana iya haɗiyar iska daga saman ruwa ko ya fitar da ita ta baki. Karfasa ba ta da wannan bututun, daga jininta take cika jakarta a hankali. Wani abin mamaki kuma, kifin zinariya ba shi da tumbi irin namu, abinci hanji yake wucewa kai tsaye. To idan ya cika hanjin da busasshen abincin da ke kumbura a ruwa, ga sanyi ya rage masa saurin narkarwa, sai ciki ya ƙulle, iska ta taru a hanjin, ya danne jakar. Sau da yawa ma jakar lafiyarta lau, iskar da ke hanji ce ke ɗaga shi.

A nan ne fa laifinka ya shigo. Duk kifayen da ke shagon, dogaye sirara masu ƙarfin jiki, sai da ka zaɓo mai teɓa, don ka ga ɗan'uwa. Ɗan Gwaggo ya ce irin su Mai Dara, wato oranda, da 'yan'uwansu ryukin da ranchu, su suka fi kowa faɗawa cikin wannan matsala. Asalin kifin zinariya daga Sin yake, an fi shekara 1000 ana kiwonsa, kuma kakanninsa dogaye ne. Mutane ne suka yi ta zaɓen gajeru masu dunƙulallen jiki saboda kyan gani, har kayan cikin suka cunkushe wuri guda, jakar ta lanƙwashe, wani ma ɗakin bayan ya tsuke. Gaskiya abin ya sa ni tausayi. Mu muke jin daɗin kallo, shi yake ɗauke da wahalar.

Tambayoyin da ya jero mini kuwa, ko asibitin mutane sai haka. Sama yake tasowa, ƙasa yake kwanciya, ko gefe yake karkata? Bayan cin abinci abin ke tsananta ya lafa da safe, ko kullum haka yake? Kumburin cikin ɓangare ɗaya ne ko duka biyu? Yaya kashinsa, yana fita da kauri da launin abinci, ko fari ne siriri yana jan zare, ko akwai kumfar iska a ciki? Sauran kifayen fa? Ya ce idan kifaye da yawa suka rikice lokaci guda, to ruwa za a tuhuma kafin komai. Sai ya haska tocila ya duba ɓawon jikinsa daga sama. Ya ce da ya ga ɓawon ya miƙe tsaye ko'ina, ido ya firfito, to ruwa ne ya taru a jiki, galibi ƙoda ta gaza, kuma irin wannan da wuya a ci nasara. Alhamdu lillahi na Mai Dara a kwance yake lif.

Daga nan ya fito da 'yan kwalaben gwaji. Wannan ne darasin da na fi so ka riƙe, tunda ka ce za ka saya wa yara wani akwatin a can. Ruwa ya yi garau a ido ba shi ne lafiyarsa ba. Abin da ake aunawa shi ne amoniya da naitirait da naitiret, wato gubar da kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci ke haifarwa a ruwa: amoniya dole ta zama 0, naitirait ma 0, naitiret kuma kada ta haura 40 a ma'aunin kwalbar, in ta tsaya wajen 20 ya fi. Namu amoniya ta ɗan nuna kai saboda ragowar abincin biki da ya ruɓe a tsakuwa, ga matatar tana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Zafin ruwan kuma ya sauka ƙasa da digiri 18.

Maganin da ya rubuta babu ƙwaya ko ɗaya. Muka zuƙe dattin ƙasa da tiyo, muka canja kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, da sabon ruwa mai zafi daidai da na ciki. In ruwan famfo ne sai an sa maganin kashe kulorin tukuna. Muka ware Mai Dara a wata roba mai faɗi, ruwan ba zurfi, don kada ya gaji da kokawa, muka sa dutsen iska, wato ɗan dutsen nan mai fitar da kumfar iska a ruwa, a hankali, ba mai tunkuɗa shi ba. Aka ɗaga zafin kaɗan kaɗan da hita zuwa digiri 24, ba a tashi ɗaya ba. Sai azumi. Ƙa'idar ita ce kwana 2 zuwa 3 babu ko ƙwayar abinci, kuma lafiyayyen kifi babba ba abin da hakan zai yi masa. Wannan ne ya fi wuya, don sai da na ɓoye gwangwanin abincin a saman kwaba saboda Auta. Bayan azumi aka dafa koren waken nan da ake sa wa a soyayyiyar shinkafa, ba gishiri, aka ɓare fatar, aka murje shi aka ba shi ɗan kaɗan. Ɗan Gwaggo ya ce kada in ɗauki waken a matsayin wani sihiri, amfaninsa shi ne yana nutsewa kuma yana sassauta ciki, in matsalar ba ta hanji ba ce ko buhu ya ci ba zai miƙe ba. Ya ambaci wankan gishirin Epsom, wanda ba ɗaya yake da gishirin miya ba, amma ya ce mu jira tukuna, kuma ba mu kai ga buƙatarsa ba.

Ranar da Mai Dara ya saki kashi mai tsawo, ka ga murna a gidan nan sai ka ce an yi haihuwa. Washegari ya juyo daidai.

Af, na tuna. Da Baba Tsoho ya zo dubiya, wai har da shi, ya ce mu ba mu san kifi ba, a kogi akwai ƙurungun da haka Allah ya halicce shi, ciki sama yake iyo. Na ɗauka zolaya ce, sai ɗan Gwaggo ya ce gaskiya ne, akwai irinsa a kogin Kwara da tafkin Chadi da kogin Nilu, kuma cikinsa ya fi bayansa duhu, saɓanin sauran kifaye, don ya saje da ruwa in an hango shi daga sama. Tsohon nan ya ji daɗi, ya zauna har isha'i yana ba mu labarin su a ƙuruciyarsa. Ƙafar tasa da sauƙi, yana gaishe ka. Mai shayin bakin layi kuma ya ƙara aure, ya faɗaɗa rumfa, ya sa talabijin, yanzu can ake kallon ƙwallo. Kujerarka wani ɗan haya ya gaje ta, kuma shi ma ƙungiyarka yake goyon baya, don haka ana nan ana shan wahala a madadinka.

Sai dai hankalina bai gama kwanciya ba. Wurin da cikin Mai Dara ya daɗe a waje yana shan iska ya yi ja, fatar ta ɗan ƙuje, muna lura da shi kada ya zama gyambo. Kuma in ya ci da yawa yana ɗan ɗaga gindi sama na ɗan lokaci. Ɗan Gwaggo ya ce in abin ya dawo ya ƙi tafiya, sai an ɗauki hoton cikinsa, don a hoto jakar iskar tana fitowa sarai, a ga ko ta kumbura, ko ta goce, ko ruwa ya shige ta, ko wani ƙari ko kumburin ƙoda ne ke tura ta. In ƙwayar cuta ce, a lokacin ne maganin da ya dace zai shigo. Ya ce likita kan iya sumar da kifi da maganin sa barci, wasu da man kanumfari, ya zuƙe iskar da allura, amma sau da yawa takan sake taruwa, kuma ya gargaɗe ni kada in kuskura in gwada da hannuna. Wasu kifayen haka suke ƙarasa rayuwarsu, ana ba su abinci a baki, wanda ke kwanciya ƙasa a cire masa tsakuwa mai kaifi. In ta kai ga haka zan yi, amana ce.

Yanzu mun daina ba su abinci mai yawo a saman ruwa. Mai nutsewa muke nema, a jiƙa shi tukuna, kaɗan kaɗan safe da yamma, amma samunsa a nan sai an sha yawo. In akwai a wajenku ka haɗo da mai motar goro in zai taso, da kwalaben gwajin ruwa ko saiti ɗaya ne. Sannan ka tuna mini shekarar da ka sayi Mai Dara da girmansa a lokacin, ɗan Gwaggo yana son sanin shekarunsa, don ya ce irinsu kan haura shekara 10 in sun sami kulawa.

Uwargida tana gaida Madam, ta ce atamfar ta iso kuma ta gode. Ka shafa mini kan yara. Inna ta ce in gaya maka ka riƙa kira ranar Juma'a, ba sai da dalili ba.

Wassalam,
Naka na Tudun Wada