A bar kujera ta biyu a tsofaffin jiragen yaƙi, amma a san waɗanda za a taɓa

Ya Edita,

Ina neman fili a jaridarku mai farin jini domin in yi magana a kan tsofaffin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu da ake ƙara wa kujera ta biyu. Hotunansu suna yawo a Facebook, musamman na Spitfire ɗin Birtaniya mai murfin gilashi biyu a gadon bayansa, kuma masu sharhi da dama suna cewa an ɓata jirgin tarihi ne saboda kwaɗayin kuɗin 'yan yawon buɗe ido. Akwai gaskiya a cikin wannan ƙorafi, amma ba dukkanta ba, kuma ina ganin ya kamata a ji yadda abin ya faro kafin a yanke hukunci.

Spitfire ya fara tashi a 1936, kuma an ƙera fiye da 20,000 kafin a daina. Duk tsawon yaƙin, kamfanin da ya ƙera shi bai fitar da mai kujera biyu ba. Saurayin da aka ɗauka aikin tuƙi yakan fara ne da Tiger Moth, ƙaramin jirgi mai fukafukai hawa biyu, daga nan ya koma Harvard ko Miles Master, inda malaminsa ke zaune tare da shi yana gyara masa hannu. Ranar da aka ce ya isa hawa Spitfire kuwa, sai a ba shi ɗan littafin bayani, malamin ya tsaya a kan fiffike ya nuna masa maɓallai, sannan ya sauka ya bar shi shi kaɗai da injin Merlin mai ƙarfin doki sama da 1,000. Wannan jirgi yana da dogon hanci da ke tare wa matuƙi gaba idan yana ƙasa, har sai ya riƙa karkata dama da hagu kafin ya ga inda ya dosa. Tayoyinsa biyu na gaba suna kusa da juna, ƙarfin farfelarsa yana fizgar sa gefe a lokacin tashi, injinsa yana saurin ɗaukar zafi idan aka daɗe a ƙasa, kuma wanda ya danne birki da ƙarfi zai kifa hancin jirgin a ƙasa. Duk waɗannan halaye saurayi ɗan shekara 19 ko 20 yakan gamu da su ne a karon farko ba tare da kowa a bayansa ba, kuma da yawa sun lalata jirage ko sun rasa rayukansu kafin su taɓa ganin abokin gaba.

Sauran ƙasashen da ke yaƙin sun ga wannan asara sun nemi magani. Jamus, wadda jirginta Messerschmitt Bf 109 ya fi Spitfire wuyar sauka, ta koma sauya tsofaffin jirage zuwa samfurin G-12 mai kujera biyu a ƙarshen yaƙin, kuma domin a samu wurin zaman malami sai da aka rage tankin mai daga lita 400 zuwa 240, abin da ya sa darasi ba ya daɗewa a sama. Japan ta yi haka da jirginta Zero. Tarayyar Sobiyet ta fi kowa ɗaukar abin da muhimmanci, domin Yak-7 ma tun farko jirgin koyo ne mai kujera biyu, sai da aka ga nagartarsa a 1941 aka mayar da shi jirgin faɗa, kuma makanikan Rasha da kansu suka ƙara kujera a wasu jiragen Spitfire da Birtaniya ta ba su. Ko a ɓangaren Amurka, an cire tankin man da ke bayan matuƙi a wani jirgin yaƙi samfurin Mustang aka sa wurin zama, kuma a cikinsa ne Janar Quesada ya ɗauki Janar Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance, ya zagaya da shi saman fagen daga na Nomandi a ƙasar Faransa ranar 4 ga Yuli, 1944.

Sai bayan an gama yaƙi kamfanin Vickers, mai ƙera Spitfire, ya fitar da nasa mai kujera biyu. A 1946 ya sauya wani Spitfire mai lamba MT818: ya matsar da ɗakin matuƙi gaba da inci 13 da rabi, ya gina wani a bayansa mai ɗan tudu domin malami ya riƙa hango gaba, ya kuma sa masa cikakkun kayan tuƙi. Rundunar sojojin saman Birtaniya ba ta saya ba, domin hankalinta ya riga ya koma kan jiragen jet. Waɗanda suka saya ƙasashen waje ne: Indiya ta karɓi 10, Ayilan 6, Holan 3, Masar 1. Iran ma ta karɓi jiragen yaƙin Birtaniya samfurin Hurricane guda biyu masu kujera biyu a wannan zamani. Saboda haka duk wanda ya ce kujerar baya ƙirƙirar 'yan kasuwar yau ce, bai yi wa tarihin adalci ba.

Jiragen Ayilan su ne suka fi ba ni sha'awa, domin da yawa daga cikinsu kujerar nan ce ta cece su daga hannun masu narka ƙarfe. An kai su ƙasar a 1951, sun yi kusan shekara goma suna koyar da matuƙa, alhali dubban 'yan'uwansu masu kujera ɗaya an riga an sayar da su a matsayin gwangwani. Ɗaya daga cikinsu, mai lamba ML407, shi ne jirgin da Johnnie Houlton, matuƙi ɗan Niyu Zilan, ya harbo wani jirgin Jamus da shi ranar 6 ga Yuni, 1944, ranar da sojojin ƙawance suka sauka a Nomandi. Wani injiniya mai suna Nick Grace ya saye shi a 1979, ya yi shekaru yana gyara, har ya sake tashi a 1985. Da Nick ya rasu a haɗarin mota a 1988, matarsa Carolyn ta koyi tuƙa jirgin, kuma ta yi shekaru masu yawa tana nuna shi a bukukuwan jirage. Ta samu damar koyo ne domin akwai inda malami zai zauna tare da ita.

Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake goyon bayan irin waɗannan jirage. Tuƙin jirgi mai taya a wutsiya da babban inji a hanci sana'a ce da ke bakin ɓacewa, domin matuƙan soja na yau ba a kansa suke koyo ba, kuma waɗanda suka yi yaƙi da shi kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Sana'ar hannu kuwa ba ta shiga mutum daga littafi. Yaron mota yakan yi shekaru a gefen direban babbar mota yana sauraron kukan inji, yana ganin inda ake sauya giya a kan gangara, kafin a miƙa masa sitiyari, kuma babu mai hankalin da zai ba shi makulli da takardar bayani ya ce ya kama hanya. Spitfire ɗin da ke iya tashi a duniya yau ba su kai 100 ba, kuma kowane ɗaya da ya faɗi a hannun wanda bai ƙware ba, ba a da inda za a samo madadinsa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damun masu suka. Tun da hukumar sufurin jiragen sama ta Birtaniya ta sassauta doka ta yarda a ɗauki fasinja mai biya a irin waɗannan jirage, muddin an bayyana masa haɗarin ya kuma amince, filayen jirgin sama irin su Biggin Hill da Goodwood da Duxford suka cika da masu son hawa, kuma tafiyar rabin sa'a tana cin dubban fam. Kuɗi ne mai yawa, amma da shi ake sake gina injin Merlin, ake biyan inshora, ake riƙe makanikan da suka san aikin kwano da ƙusa irin na 1940, ake kuma ɗaukar yara su koya a hannunsu. Ban ga laifi a nan ba.

Inda nake tare da masu suka wuri biyu ne. Na farko, riba ta sa yanzu ana ɗaukar jirgin da aka ƙera da kujera ɗaya a yanka shi domin a samu wurin fasinja. Idan tarkace ne da aka tono daga gona ko bakin teku, wanda kusan komai nasa sabo za a ƙera, babu abin da aka rasa. Amma jirgin da gangar jikinsa ta asali take nan lafiya, wanda aka san matuƙansa da fagagen da ya halarta, bai kamata a sa masa almakashi ba, domin abin da Vickers ya yi a 1946 ya yi shi ne a lokacin da jiragen ke jibge ba a san yadda za a yi da su ba. Na biyu, a riƙa faɗa wa mai hawa gaskiya. Wasu daga cikin jiragen nan ɗan allon lambar kamfani da 'yan ƙarafa kaɗan ne kawai suka ga yaƙi, sauran duk aikin wannan ƙarni ne, kuma mutumin da ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin sanin wanne ya hau.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa mu da wannan zance. Runduna ta 91 ta sojojin saman Birtaniya, wadda ta yi yaƙi da Spitfire daga 1941, sunan Nijeriya take ɗauke da shi, a zamanin da aka tara gudummawar sayen jirage daga hannun mutanen ƙasar nan. Daga Satumban 1940 kuma, jiragen Hurricane da aka harhaɗa a Takoradi, cikin Gana ta yau, ta Kano da Maiduguri suka riƙa bi, su wuce Fort Lamy (N'Djamena ta yau) da Khartum zuwa Masar, kowane matuƙi shi kaɗai a ɗakinsa yana bin jirgin jagora a saman daji da hamada. A 1967 ma, da Tarayyar Sobiyet ta kawo jiragen MiG-17 Kano, ta haɗo da MiG-15 mai kujera biyu domin koyarwa. Ina roƙon jaridarku ta tura wakili ya binciko abin da ya rage na waɗannan jiragen koyo a sansanonin sojojin samanmu da gidan tarihin yaƙi na Umuahia, ya kuma zauna da tsofaffin matuƙa da makanikan da suka yi aiki a kansu tun suna da ƙarfin ba da labari.

Naku,
Mai karatunku daga Zariya