A Daina Gyaran Dabara a Birki da Giyar Tsofaffin Akori-Kura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana direbobi da makanikai na karkara a kan wani al'amari da ya kusa jawo asarar rayuka a hannuna, wato matsalar giya da birki a tsofaffin motocin akori-kura da muke dakon amfanin gona da su.

Ni manomi ne a ƙasar Gumel, kuma ina da tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 404, wadda mu a nan muke kira Fijo, na gaje ta daga wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Wannan samfuri ya fara fitowa a Faransa a 1960, kuma tun da aka fara harhaɗa motocin kamfanin a Kaduna a 1975 mutanen Arewa suka saba da su, har ya zama da wuya ka shiga garejin ƙauye ka rasa wanda ya san cikinsu. Mota ce mai juriya, ba ni da abin da zan zarge ta da shi. Abin da ya same ni ya faru ne saboda sakacina da kuma gyaran ganganci da aka yi mata.

Wata ranar Alhamis na ɗauko buhunan riɗi zan kai kasuwar Maigatari, sai ga yara sun koro garken awaki suna tsallaka titi a bakin wani ƙauye. Na taka birki, sai na ji ƙafata ta tafi har ƙasa babu abin da ya tare ta. Na taka kuloci in mayar da giya lamba biyu domin injin ya riƙe motar, giya ta yi ƙara ta ƙi shiga. Birkin hannu kuwa wayarsa ta tsinke tun da damina, ina ta cewa sai na sayar da amfani zan gyara. Allah cikin ikonsa gefen titin rairayi ne, na karkata sitiyari na afka ciki, tayoyi suka nutse, motar ta tsaya. Na daɗe zaune a ciki jikina yana rawa, ina kallon yaran da ba su ma san abin da ya kusa faruwa da su ba.

Kimanin mako biyu kafin wannan rana na lura giya tana wahalar shiga da safe, musamman lamba ɗaya da ribas. Wani matashin makaniki a bakin hanya ya ce mini sai an sauke giyabos, na ce ba ni da kuɗin wannan aiki yanzu, sai ya duba kofin man birki da na kuloci ya ga sun yi ƙasa, ya ɗauko wata gora marar tambari ya cika su duka biyun. Ban tambaye shi abin da ke cikin gorar ba, kuma wannan ne kuskurena mafi girma. Bayan abin ya faru na sa aka jawo motar zuwa wurin wani dattijon makaniki da ya shafe shekaru yana aikin Fijo. Ya tsoma yatsa a kofin, ya murza, ya shinshina, ya ce: "Malam, wannan ba man birki ba ne, man sitiyari aka zuba maka." Da ya kwance masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, robobin ciki duk sun kumbura sun yi laushi, ɗaya ta yage. Haka ya tarar a ɓangaren kuloci, domin motata kulocinta da mai yake aiki kamar birki. Ashe ciwo ɗaya ne ya kwantar da giya da birki a lokaci guda, giyabos kuwa lafiyarsa ƙalau.

Abin da na koya a wurin dattijon nan shi nake so masu irin wannan mota su riƙe, domin bincike ne da kowa zai iya yi a ƙofar gidansa kafin ya yarda a kwance masa rabin mota. A kashe injin, a taka kuloci, a gwada kowace giya. Idan suna shiga salin-alin alhali injin yana kashe, amma da an tayar da shi sai su riƙa ƙara suna turjewa, to kuloci ne ba ya sakin injin gaba ɗaya, sai a duba mansa da robobinsa da ko iska ta shiga bututunsa. Ribas ce take fara tona wannan asiri, saboda ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora kamar giyoyin gaba. Idan kuwa injin yana kashe amma sandar giya tana lilo a hannu, kana neman lamba ɗaya tana kai ka uku, to matsalar tana tsakanin hannunka da giyabos. Irin motarmu giyarta a jikin sitiyari take, kuma daga nan akwai sanduna da mahaɗai da suke kai saƙo ƙasa, ɗaya tana zaɓen layi, ɗaya tana tura giyar ciki. Kowace mahaɗa tana da ɗan bushin, wato zoben da ke hana ta lilo, kuma ƙurar hunturu da yashin ƙasarmu suna cinye shi a hankali, sai ɗan motsin da ke kowace gaɓa ya taru ya zama babban lilo a hannun direba. Mutum ɗaya ya zauna yana motsa sandar, wani ya buɗe bonet yana kallo, nan take za a ga inda ake asarar motsin. Na sha ganin an ɗaure irin wannan wuri da waya ko tsinken robar taya, a yi kwana uku ana murna, rana ta huɗu sandar ta fita a tsakiyar hanya. Sabon bushin da ɗan giris ba su kai kuɗin man zuwa Kano da dawowa ba.

Giyar da take fita da kanta idan an shiga gargada ko an ɗaga ƙafa daga totur, a fara duba robobin da injin da giyabos suke zaune a kai, domin idan sun mutu injin yakan girgiza ya ja sandunan. Sai an kawar da waɗannan duka sannan a yi maganar sauke giyabos.

Birki shi ma yana da harshensa, ƙafar direba ce take jin sa. Idan ka ɗora ƙafa ka riƙe, feda tana nutsewa a hankali alhali babu ɗigon mai a ƙasa, robar masta ce ta gaji, man yana zagayawa a ciki. Idan feda ta yi laushi kamar soso, iska ce ta shiga, sai an cire ta taya bayan taya, a fara da wadda ta fi nisa da masta, mutum ɗaya yana takawa ɗaya yana buɗe noti, ana kula kada kofin ya ƙafe. Idan sai ka taka sau biyu ko uku take kamawa, sau da yawa shu, wato abin da ke matse durom ɗin taya ya tsayar da ita, shi ne ya cinye ya yi nisa da durom, yana bukatar a matso da shi ko a canja. Motar da take fizga gefe ɗaya kuwa, a cire taya a duba, galibi za a tarar mai ya zubo ya jiƙa shu, kuma shu ɗin da ya sha mai ba ya gyaruwa da wanki da fetur ko ƙonawa da wuta kamar yadda wasu suke yi. Akwai kuma tsohon tiyo da yake ruɓewa ta ciki alhali bayansa yana da kyau, ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, sai ka taɓa taya ɗaya bayan tafiya ka ji ta fi sauran zafi.

Abubuwa biyu ne suka fi tayar mini da hankali, kuma saboda su na ɗauki alƙalami. Na farko shi ne kaɗa garin sabulun wanki da ruwa a zuba a madadin man birki. Malam Edita, duk wanda ya zauna a tashar ƙauye ya ga wannan da idonsa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, man birki mai lamba DOT 3 kuwa sabonsa ba ya tafasa sai ya haura digiri 205, mai lamba DOT 4 sai 230. Mota mai lodi idan aka yi ta taka birki a zafin bazara, ruwan nan yakan zama tururi, tururi kuma ba ya tura komai, ga tsatsar da yake haifarwa a cikin bututu. Ko man birki na gaskiya yana shan laima daga iska, shi ya sa ake so a zubar da shi a sa sabo duk bayan shekara biyu, abin da kusan babu mai yi a cikinmu. Na biyu shi ne toshe bututun tayar da take yoyo da ƙusa, ko a daddake bakinsa da guduma, a ce motar ta tafi da birkin taya uku. Tsofaffin motoci irin tawa layin birkinsu ɗaya ne, wuri guda ya fashe duk tayoyi huɗu sun tafi, saboda haka ba su da rarar da za a yi caca da ita. Ga shi motar da aka ƙera domin ta ɗauki kusan tan ɗaya, wato buhu goma, ina ganin ana ɗora mata ninki biyu, mutane kuma su hau saman kaya. Na san talauci ne yake kai mutum ga wannan, ni ma shi ya sa na yi ta ɗage gyaran birkin hannu, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Gyaran motata gaba ɗaya bai wuce sababbin robobin masta da na tayoyi da na kuloci, da tiyo, da bushin, da wayar birkin hannu ba, duk na samo su a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Sai da aka wanke bututun tas kafin a zuba sabon mai, domin ragowar wancan zai sake cinye sababbin robobin.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da na ƙungiyar makanikai ta NATA a jihohin Jigawa da Kano su haramta wa mambobinsu waɗannan dabaru biyu a fili, su kuma hana sayar da man birki a gora marar hatimi a cikin tasha. Ina kuma roƙon Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda tun 1988 take wannan aiki, ta riƙa zuwa manyan kasuwannin mako irin su Maigatari ranar Alhamis da Wudil ranar Juma'a da sassafe, kafin a yi lodi, jami'anta su taka birkin motocin nan da ƙafarsu, su buɗe kofin mai su duba, su yi wa direbobi bayani da Hausa. Idan aka sa ranar yin haka a tasharmu, ni zan fara kawo tawa motar, kuma na adana robar nan da ta yage domin in nuna wa duk mai son gani.

Wassalam. Na gode da filin da ka ba ni.

Naka mai karanta jaridarku,
Wani manomi kuma direba,
daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.