Takardar Koke Kan Gurɓataccen Ruwan Masana'antu da Ake Saki a Kogin Challawa

Zuwa ga Mai Girma Hakimin Kumbotso,
Ta hannun dagatai da masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu manoman rani da masunta da makiyaya da ke zaune a gaɓar Kogin Challawa da rafin Salanta muna gabatar maka da kukanmu a kan ruwan datti da ke fitowa daga wasu masana'antun jima da rini da masaƙa na rukunin Challawa da na Sharaɗa, wanda ake saki cikin magudanai ba tare da an tace shi yadda ya kamata ba, har ya gangaro inda muke noma, muke kamun kifi, muke shayar da dabbobi.

Wanda ya tsaya bakin magudanar da sassafe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ruwan yakan fito wani lokaci baƙi wuluk, wani lokaci shuɗi ko ja, gwargwadon launin da aka yi aiki da shi a ranar, da kumfa a samansa, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai da ke shiga har ɗakunan kwana. Masana sun bayyana cewa wannan wari daga sinadarin salfaid yake, wanda ake haɗawa da farar ƙasa don cire gashi daga fata. Manomin da ya shiga ruwan don ya dasa bakin tiyo na injin ban ruwa yakan fito da ƙaiƙayi a ƙafa, masunci kuma ya jefa taru ya jawo tarwaɗa da karfasa matattu, ko masu warin da ba mai saye a kasuwa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne wanda ido ba ya gani. Jima ta zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta, shi kuwa ƙarfe ne da ba ya ruɓewa. Yana kwanciya a cikin laka da ƙasar fadama shekara da shekaru, tsirrai su zuƙe shi, kuma akwai nau'insa da aka tabbatar yana haddasa ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 0.05 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha. Tafasa ruwa ba ya fitar da shi. Da rani, lokacin da kogi ya ja baya, babu isasshen ruwan da zai tsarma dattin, kuma a daidai wannan lokaci ne muke ban ruwan latas da kabeji da alayyahu da tumatir da ake kaiwa kasuwannin birni. Saboda haka matsalar ta wuce ƙauyukanmu, domin kayan lambun kowa ke ci, kogin kuma yana haɗuwa da Kogin Kano ya nufi Wudil har ƙasar Haɗeja.

Ranka ya daɗe, ba mu zo neman a rufe masana'anta ko ɗaya ba. 'Ya'yanmu da ƙannenmu na cin abinci a cikinsu, kuma jima da rini sana'o'in Kano ne tun kaka da kakanni, tun ana jima da bagaruwa, ana rini da baba da toka kamar yadda har yau ake yi a marinar Ƙofar Mata. Sai dai fatar da ake sarrafawa a nan ana fitar da ita zuwa ƙasashe irin su Italiya da Sifen a yi takalma da jakunkuna masu tsada, mu kuma a bar mana dattin. Wannan bai zama adalci ba, kuma ba abu ne da ya gagari gyara ba. A shekarar 2011, bayan ƙungiyar kare muhalli ta duniya mai suna Greenpeace ta fallasa yadda masana'antun tufafi ke zubar da sinadarai masu guba a kogunan ƙasar Sin, manyan kamfanonin kayan wasanni irin su Puma da Nike da Adidas sun yi alkawarin kawar da irin waɗannan sinadarai daga hanyoyin sarrafa kayansu. Matsin lambar jama'a ce ta kai su ga haka.

A nan gida ma doka tana nan. Tun shekarar 2009 aka kafa ƙa'idojin kare muhalli na masana'antun masaƙa da tufafi da fata da takalma, waɗanda hukumar kula da dokokin muhalli ta tarayya, wato NESREA, ke da alhakin tabbatar da su, kuma sun wajabta tace ruwan datti kafin a sake shi.

Don haka muke roƙonka, a matsayinka na uban ƙasa, da ka isar da wannan kuka ga Majalisar Masarautar Kano da Ma'aikatar Muhalli ta Jiha da hukumar NESREA, a turo masana su ɗebi ruwan kogi da na rijiyoyinmu da ƙasar gonakinmu su auna, a rani da kuma damina, sannan a karanta mana sakamakon da Hausa a gaban dagatanmu. Muna kuma roƙon ka kira masu masana'antun zama guda tare da wakilanmu, a sa wa kowacce wa'adin da za ta gyara na'urar tace ruwanta ta riƙa aiki dare da rana, domin abin da muka lura shi ne sakin ya fi yawa cikin dare. Kafin a kai ga haka, ƙauyukan da rijiyoyinsu ke kusa da magudanar suna bukatar ruwan sha mai tsabta cikin gaggawa, tare da duba lafiyar yara da mata masu juna biyu.

A shirye muke mu raka duk wanda ka wakilta zuwa bakin magudanan a ranar da ka ga dama. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya.

Mu ne naka masu biyayya,
Wakilan manoman rani da masunta da makiyaya na gaɓar Kogin Challawa.