Ƙungiyarmu ta nazarin Littafi Mai Tsarki tana neman watsewa, ina mafita?

Zuwa ga Baba Fasto, mai amsa wasiƙun masu sauraro,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da Mama da yara da duk abokan aikinka. Allah ya ƙara maka hikima da tsawon rai. Na daɗe ina sauraron wannan shiri, yau kuma abin ya zo kaina. Ina roƙonka kada a ambaci sunana, domin waɗanda zan yi magana a kansu 'yan'uwana ne cikin Ubangiji, ina ƙaunarsu, kuma ba tonon asiri ya kawo ni ba.

Ni matar aure ce, ban yi makarantar tauhidi ba. Ni da maigidana muka buɗe ɗakinmu ga wasu 'yan'uwa domin mu riƙa karanta Littafi Mai Tsarki tare sau ɗaya a mako, da sanin fastonmu da albarkarsa. Dalilinmu shi ne, mutum yakan ji wa'azi ran Lahadi, ya koma gida da tambaya a ransa, ba shi da inda zai yi ta. Labarin da ya ba mu ƙarfin gwiwa shi ne na ma'ajin sarauniyar Habasha a Ayyukan Manzanni sura 8. Babban mutum ne, yana zaune a karusarsa yana karanta annabi Ishaya, da Filibus ya tambaye shi ko yana gane abin da yake karantawa, bai ji kunyar cewa ba zai iya ba sai wani ya fassara masa. Irin wannan wuri muka so mu samu, inda ba wanda zai ji kunyar cewa bai gane ba.

Da Bisharar Markus muka fara, tunda ita ce mafi gajarta, sura 16 kawai. Mukan karanta nassin da ƙarfi sau biyu, sa'an nan mu tambayi kanmu me ya ce, me yake nufi ga mutanen da aka fara rubuta wa, me kuma yake nema daga gare mu. Baba, a waɗannan watanni na ga abin da ban taɓa gani ba. Akwai wata tsohuwa a cikinmu, ba ta iya karatu ba, takan rufe ido ta kasa kunne. Ranar da muka karanta labarin 'yar Yayirus a sura 5, duk mun tsaya a kan al'ajibin ta da matacciya, sai ta ce a sake karanta mata aya ta ƙarshe. Aka karanta, inda Yesu ya ce a ba yarinyar abinci. Ta ce, "Kun ji? Wanda ya ta da ita daga mutuwa bai manta cewa yarinya tana jin yunwa ba." Na sha karanta wannan sura, amma sai a bakin wannan baiwar Allah na ji ta sosai. Har matasa sukan yi magana a lokacin, kowa ya kawo abin da ya gani.

Daga baya wani dattijo a ikilisiyarmu ya fara zuwa. Tsohon malamin makaranta ne, ya yi karatun tauhidi, yana da littattafan sharhi da yawa, har ya taɓa Girkanci. Tsakani da Allah na yi murna da zuwansa, kuma har gobe ba zan raina iliminsa ba. A bakinsa na fara jin cewa rabon surori da lambobin ayoyin da muke gani ba marubutan ne suka sa su ba. Ya ce Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila, shi ake danganta wa rabon surori a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Saboda haka, in ji shi, wasiƙar Bulus wasiƙa ce, a karanta ta daga farko har ƙarshe, kada a tsinko aya ɗaya a gudu da ita. Wannan koyarwa ta gyara mini karatu ƙwarai.

To amma a hankali zaman ya sake kama. Da an gama karatu sai kowa ya juya ya dube shi. Shi kuma sai ya buɗe littafinsa ya yi ta bayani har lokaci ya ƙure. In wani ya faɗi fahimtarsa, yakan ce, "A'a, ba haka nassin yake nufi ba," kuma sau da yawa gaskiyarsa ne, amma wanda aka gyara wa ba ya sake buɗe baki. Tsohuwar nan da na faɗa maka yanzu sai dai ta ce amin in an rufe da addu'a.

Da muka shiga wasiƙar Yakubu sai gardama ta ɓarke. Akwai wani saurayi maƙwabcinmu ɗan Katolika da yake zuwa. Muka iso sura 2 aya 24, inda aka ce ta wurin ayyuka ake baratar da mutum, wato a ɗauke shi mai adalci a gaban Allah, ba ta bangaskiya kaɗai ba. Dattijon ya kawo Romawa 3:28, inda aka ce ta bangaskiya ake baratar da mutum ba ta ayyukan Shari'a ba, ya ba da labarin yadda Martin Luther, wanda ɗarikar Lutheran ta samo suna daga gare shi, a 1522 ya kira wasiƙar Yakubu wasiƙar ciyawa in an gwada ta da su Romawa da Galatiyawa. Saurayin ya ce ai tun 1999 Katolika da Lutheran suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa game da barata a birnin Ogsbag na Jamus. Daga nan aka koma kan me ya sa Littafi Mai Tsarki na Katolika yake da littattafai 73, na dattijon kuma 66. Aka yi ta ja-in-ja har dare. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, surar da muke kai tana magana ne a kan ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ba su da sutura ko abincin yini, aka sallame su da fatar baki. Ba wanda ya tambaya ko akwai irin wannan mutum a cikinmu, alhali na san akwai. Wannan ma na iya haƙuri da shi. Abin da ya sa na rubuto maka ya fi shi nauyi.

Wata 'yar'uwa a cikinmu ta rasa ɗanta ƙarami bayan doguwar jinya. Mun yi azumi, mun yi addu'a, yaron ya tafi. Ta daɗe ba ta zo ba, ranar da ta dawo ta zauna kusa da ƙofa, Littafinta a rufe a kan cinyarta, tana ta murza bakin gyalenta. Can wajen ƙarshe ta ɗago kai ta ce, murya tana rawa, "Ya ta da 'yar Yayirus. Ni ma na roƙe shi kamar yadda Yayirus ya roƙa. Me ya sa bai zo gidana ba?" Kowa ya sunkuyar da kai. Sai dattijon ya ce ta yi hankali da bakinta, ba a tuhumar Allah, ya karanta mata Romawa 8:28, cewa dukkan abubuwa suna aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah. Ya ƙara da cewa irin wannan tambaya ƙofa ce da Shaiɗan yake shigowa ta ciki. Ta ce, "To, Baba, na gode." Ta jira aka yi addu'a, ta tashi ta tafi. Tun ranar ta ɗauke ƙafa. Na je gidanta, ta karɓe ni da kyau, amma ta ce in bar ta tukuna, ba ta so ta zama sanadin tuntuɓe ga kowa. Wasu matasa biyu ma sun daina zuwa, ɗayan ya gaya wa maigidana cewa in har wannan ce amsar da aka ba mai makoki, shi gara ya riƙe nasa tambayoyin a ciki.

Baba, na gaskata Romawa 8:28 da dukan zuciyata, kuma na tabbata dattijon da kyakkyawar niyya ya yi magana, yana tsoron kada shakka ta yaɗu a cikinmu. Amma da na koma gida na bi shawararsa ta farko, na karanta surar gaba ɗaya. Kafin a kai aya 28, Bulus ya ce dukan halitta tana nishi kamar mai naƙuda, mu ma muna nishi a cikinmu, har ya ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne yake roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Ashe wannan aya a bayan kuka take zaune. Na buɗe Zabura 13, Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu na farko. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ta juya ga yabo ba ko kaɗan, kuma Allah ya bar ta a cikin Littafinsa. Ubangijinmu kansa a kan gicciye, farkon Zabura 22 ya ɗaga murya da shi, yana tambaya don me aka yashe shi. Abokan Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar, kwana bakwai suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, kuma da suka buɗe baki suna kare Allah, a sura 42 Allah ya ce ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar bawansa Ayuba, wanda shi ne ya yi ta tambaya. Wasiƙar Yahuza ma ta ce a ji tausayin masu shakka. A iyakar ganina, 'yar'uwar nan ba ta yi saɓo ba. Ta kawo ciwonta wurin da ya kamata ta kawo shi, gaban Maganar Allah da gaban 'yan'uwanta.

Duk da haka ba na so in ruɗi kaina. Na san akwai haɗari in aka ce kowa ya fassara nassi yadda ya ga dama. Bitrus da kansa ya ce a cikin wasiƙun Bulus akwai abubuwa masu wuyar ganewa, waɗanda marasa ilimi suke murɗawa su jawo wa kansu hallaka. A Nehemiya sura 8, da Ezra ya karanta Shari'a, sai da Lawiyawa suka bi jama'a suna bayyana ma'ana domin a gane. Muna bukatar mai ilimi, kuma Allah ya ba mu shi. Sai dai mutanen Biriya da aka yaba a Ayyukan Manzanni 17, Bulus ne fa yake koya musu, amma kowace rana suna bin Nassosi da kansu su ga ko haka ne. Afolos kuma, da duk iya maganarsa da sanin Nassi, ya yarda wasu ma'aurata masu ɗinkin tanti suka ja shi gefe suka ƙara masa haske. Na kuma karanta cewa John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Methodist, tun 1742 a birnin Biristol ya rarraba mabiyansa ƙananan ƙungiyoyi na mutum kamar 12, shugaban kowace ƙungiya yana tambayar kowa a mako yadda ransa yake tafiya da Allah. Mu yanzu mun san shekaru da sunayen malamai fiye da dā, amma ba wanda ya san halin da na kusa da shi yake ciki. Ni ban ga alamar bangaskiyarmu tana zurfi ba, gaskiyar magana ke nan.

Yanzu na zama gaba kura baya sayaki. Maigidana ya ce mu kai maganar wurin fasto. Ni kuwa ina tunanin Matiyu 18:15, inda aka ce a fara samun ɗan'uwa shi kaɗai, ina kuma tunanin 1 Timoti 5:1, kada a tsauta wa dattijo sai dai a roƙe shi kamar uba. A shekaru mutumin nan ya haife ni, kuma dattijon ikilisiya ne. In na je ni kaɗai, ina tsoron ya ɗauka raini ne. In muka tsallake shi muka je wurin fasto, zai ji an kai ƙararsa. Wace hanya ce ta fi dacewa, kuma da waɗanne kalmomi zan fara, yadda zai gane muna son iliminsa kuma muna so a bar wa ƙanana da marasa karatu wurin magana?

Ina kuma so ka koya mini yadda mai jagorar irin wannan zama yake bambanta tambayar mai ciwo da gardamar banza wadda Bulus ya gargaɗi Timoti ya guje mata. In wani ya faɗi fassarar da ba daidai ba, yaya ake gyara masa ba tare da an kashe masa gwiwa ba? Batun saɓanin ɗarikoki kuma, mu hana shi gaba ɗaya ne, ko mu keɓe masa wata rana tare da fasto?

Abin da ya fi damuna dai 'yar'uwar nan ce. In ci gaba da zuwa gidanta in zauna kawai, ko in buɗe mata waɗannan Zabura da na ambata? Wasu sun kawo shawara mu ɗauki littafin Ayuba in mun gama Yakubu, ko Allah zai sa ta dawo. Ni ina jin tsoro kada hakan ya fama mata ciwo, ko kuma ta ga kamar saboda ita aka zaɓa. Mun kusa gama Yakubu, saboda haka ina roƙonka, Baba, in da hali ka amsa mini kafin mu tsai da shawara, ka kuma sa mu cikin addu'a, ita da dattijon da mu duka.

Allah ya saka maka da alheri.

'Yarka cikin Almasihu,
mai sauraron shirinka kullum